Zaren da Ya Fi Zani Ƙarfi

Duk wanda ya zo rumfata sayen zare, sai na tambaye shi me zai ɗinka. Wasu suna jin haushin tambayar, su ce ina ruwan mai sayarwa da abin da za a yi da kaya. Ni kuwa da ruwana. Haka na tarar da mahaifina yana yi tun da ya taso daga Damagaram ya kafa teburin kayan koli a kasuwar Diffa, kuma da ya rasu rumfar ta dawo hannuna ban ga dalilin canzawa ba. Allura iri-iri ce, zare ma haka. Mai ɗinke bakin buhun tattasai basilla zan miƙa masa, mai ɗinkin hula kuma 'yar siririya. In na ba mutum abin da ba nasa ba, gobe ni zai zaga, ba zai ce hannunsa ne ba.

Ɗinkin da na fi sani kuwa ba a kasuwa na koye shi ba, a tsakar gida ne, wurin mahaifiyata. A gidanmu ba a yar da tsohon zani. In ya koɗe ya yi laushi har ba a fita da shi, sai ta wanke ta ninke ta ajiye. In sun taru ta shimfiɗa uku ko huɗu, wani bisa wani, ta bi su da allura layi-layi har su zama mayafi ɗaya mai kauri. Bargon tsumma take ce masa, ba ta yi masa kwaskwarimar suna. Wanda bai taɓa zama kusa da kogin Komadugu a watan ɗari ba zai ce me ake yi da bargo a garin da rana ke gasa mutane, to ya zo ya gani. Mu dai cikin irin waɗannan barguna muka girma, har yau ina iya nuna zanin da aka goye ni da shi a jikin wanda nake rufa.

Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta sassauta ko ɗaya. Tsoho da tsoho ake haɗawa, don in aka sa sabon yadi kusa da tsohon zani, sabon zai janye shi ya yage. Allura siririya, kuma kafin ta taɓa ƙyalle sai ta goga tsininta a bayan hannunta, in ta ji kaushi ko ɗan tsatsa ta jefar. A ɗan gwangwani take ajiye alluranta, cikin garin alli, saboda raɓar kogi. Zare kuwa shi ne babbar magana. Na auduga take so, mai laushi. Takan naɗe shi a yatsu biyu ta finciko, in ya tsinke, to ya yi. In ya ƙi tsinkewa har ya shata mata yatsa, sai ta mayar wa mahaifina kayansa ta ce ya kai wa masu ɗaure akuya. Dalilinta shi ne bargo yana shan ja. A juya a kansa, a wanke shi, a matse shi, dole wata rana wani abu ya saki. In zare ne ya saki, a sake ɗinkewa. In ƙyalle ne ya saki, sai haƙuri. Haka kuma ba ta ƙulla zare a tsakiyar layi. Allura ta nutse ta fito, ta nutse ta fito, sai a ƙarshe a yi ƙulli ɗaya, don ranar da ake son warwarewa a ja a zare cikin sauƙi.

Na kawo duk wannan ne saboda wani masunci da ya zauna a shagon ƙofar gidanmu, da zannuwa uku na matarsa.

Mutumin Baruwa ne, can wajen Boso. Lokacin da rikici ya tashi mutanen bakin tafki, shi da matarsa da 'yarsu ɗaya suka fito da kayan jikinsu da ɗan ƙunshi, suka zauna cikin rumfunan leda da suka cika gefen godoron, babban titin kwalta. A daminar farko zazzaɓi ya ɗauke matar. Bayan haka ne ya shigo gari da yarinyar, mahaifiyata ta ji labarinsa wurin wata maƙwabciya ta ce ya shiga shagon, da ma buhunan gawayi ne a ciki. Dogo ne, marar yawan magana, tafin hannunsa ya yi biyun nawa. A lokacin an hana kamun kifi, ba mai shiga ruwa, don haka yakan wuni a gindin bishiyar bedin ƙofar gida yana kallon hannuwan nan nasa. In an samu dakon buhun tattasai ya yi, in ba a samu ba ya jira ranar rabon abinci.

Yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba. Ba ta kuka, ba ta ƙiriniya, amma akwai abin da ba a raba ta da shi, zannuwan uwarta. Atamfa biyu ne da lafaya ɗaya. Ɗaya shuɗiya ce mai ɗige-ɗige irin na zabo, ɗaya ruwan ɗorawa mai zanen ganye da ta koɗe. Lafayar kuwa ja ce, ta sha jiki har in aka ɗaga ta ana hango mutum ta ciki. Ƙanshin humra da hayaƙin banda sun kama su, irin kamun da wanki ɗaya ba ya fitarwa. Da su take barci, fuskarta a cuse a ciki, da rana kuma ta riƙa jan ɗaya a ƙasa duk inda za ta. Kowa a gidan ya san ba wani abin da ya rage na matar nan a duniya. Ba hoto, ba ɗan kunne, kabarin ma a gefen hanya yake inda ba a sa alama ba. Kuma kowa yana ganin yadda bakin zannuwan ke zarewa kullum.

Wata Talata, kasuwa na tsakiyar ci, na ɗaga kai na gan shi tsaye gaban rumfa da ƙunshin a hammata, yarinyar tana riƙe da gefen rigarsa. Hausarsa ta Barebari ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa, kuma Hajiya yake ce mini ko da yake ko filin jirgi ban taɓa takawa ba.

"Wushe, Hajiya," ya ce. "Bargo irin na tsohuwa nike so. Ka ba ni allura, ka ba ni zare."

"Mi za ka ɗinka, Malam?"

Ya kwance ƙunshin a kan teburina. Na ɗaga lafayar wajen rana na duba.

"Wannan ai ta gama aikinta," na ce. "Amma in aka sa ta a tsakiya, atamfofin suka rufe ta sama da ƙasa, za ta kai yarinyar nan har ta yi wayo, har ta nuna ma nata 'ya'yan. Ka bar mini su, ni da Inna mu yi maka."

Ya girgiza kai. "Ni zan yi."

"Kai? Ka taɓa riƙe allura?"

"Taru nike saƙawa tun ina yaro. Taru ya hi bargo wuya."

Na yi dariya na ce to ai kifi ba ya kwana cikin bargo. Shi bai yi dariya ba. Ya buɗe tafukan hannunsa a kan teburin ya ce, "Hajiya, hannun nan tun da muka hito bai riƙe komi ba sai katin abinci. Uwar yarinya na rasa maganin da zan ba shi. Wannan ɗaya ka bar mini."

Ni da ake cewa ba a kayar da ni a magana a layin 'yan koli, ranar nan na sakar masa. Sai na ce to, tun da haka ne, bari in zaɓa masa kayan da ko makaho ya riƙe ba zai ɓata aiki ba. Na bar masu saye suna tsaye suna tsaki. Na zazzage kwalin allura na goga su ɗaya bayan ɗaya a bayan hannuna, na fitar da uku masu santsi da ɗan faɗin ido, don yatsunsa ba za su iya da ƙanana ba. Na zaɓi farin zaren auduga mafi laushi da nake da shi, na finciko shi a gabansa ya tsinke, na ce ka gani, haka ake son shi. Na haɗa masa da guntun kakin zuma na goge zare kada ya cukurkuɗe, da alli na ja layi. Har ɗan zoben fata da ake sa wa yatsa na ɗauko, ya ƙi shiga ko ƙaramin yatsansa, ya ce in bar shi, fatarsa ta fi wannan tauri. Na yi masa bayanin komai daki-daki, yana ta cewa to, to. Na koma gida ranar nan da farin ciki, ina ganin na yi abin kirki.

Da la'asar na tarar ya share gindin bedi ya shimfiɗa tabarma, ya jera zannuwan yadda na ce, lafaya a tsakiya. Yarinyar tana tsugune a gefe tana gadin kayanta. Allurar ta ɓace cikin yatsunsa. Ya soka, ya ja, zare ya ce ɗas. Ya sake zurawa, ya soka, ya ja, ɗas. Hannun da ya saba ɗaure ƙullin da kifi mai girman ɗan akuya zai yi ta fizga bai kwance ba, ba ya jin ƙarfin kansa.

"A hankali, Malam," na ce. "Kamar kana shafa kan yarinya. Kada ka ja, ka bar shi ya kwanta."

Ya gwada. Ya yi taki biyar ko shida lafiya, sai hannu ya koma gidansa na jiya, zare ya sake tsinkewa. Kafin magariba ya karya allura ɗaya. Kwanakin da suka biyo haka aka yi ta yi, in na fito ina jin tsakinsa tun daga zaure, guntayen farin zare sun cika tabarma.

Wata safiya na fito zan tafi kasuwa, na ji shiru a gindin bedi. Yana zaune ya duƙufa, hannunsa na tafiya da sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Na matsa kusa, sai na ga abin da ke hannunsa. Zaren taru ne, na roba, kore-kore, wanda ko da haƙori ba a tsinka shi sai da wuƙa ko wuta. Ashe dunƙule guda yana aljihunsa ranar da suka gudo, shi kaɗai ne abin sana'arsa da ya fito da shi. Da yake ba ya shiga idon allurata, ya je wurin masu ɗinkin buhun tattasai ya aro basilla. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa, duk inda basillar ta nutse ta fito sai ya yi ƙulli, irin ƙullin raga, ya ja ya ɗame.

"Malam! Mi kake yi haka?"

"Zarenka ruɓaɓɓe ne, Hajiya. Ba laihinka ba, haka suka saida maka."

"Ba ruɓewa ya yi ba, haka ake son shi! Wannan naka zai yanka zanin kamar reza. Dubi ramin da basillar ke bari!"

"Wannan ba ya tsinkewa."

"To ai shi ne illarshi!"

Ya ajiye basillar ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na fi sanin yadda zan yi da shi.

"Jirgina ya tahi," ya ce. "Gidana ya tahi. Uwar yarinya ya tahi. Duk abin da na riƙe ya tsinke. Wannan na san shi, ya yi shekaru cikin ruwa ba ya tsinkewa. Yanzu ka ce in sa wanda ke tsinkewa, da gangan?"

Ban haƙura ba. Na shiga gida na ɗauko wani tsumma, na karɓi basillar na yi taki uku da zarensa, na kama gefe da gefe na ja a gabansa. Tsumman ya dare gida biyu, zaren ko gezau. Ya ɗauka ya jujjuya ya ce wannan tsummana ne da ya riga ya mutu, na uwar yarinya kuwa atamfa ce mai kyau, shi da kansa ya saya a kasuwar Geskeru. Ya mayar da kai ga aikinsa.

Na faɗa ɗakin mahaifiyata ina huci. Ta dogara sanda ta fito, ta tsaya a kansa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan," ta juya. Da muka koma ciki ta ce, "Zai ci zanin."

"To ki hana shi mana, Inna! Ke zai ji maganarki."

"In hana shi da mi? Kin dubi huskarshi kuwa? Tun da ya zo gidan nan, yau ne na ga ya zauna kamar mutum. Kin faɗa mishi, ya ji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kayanshi ne, matarshi ce."

Ba irin tunanin da ban yi ba. Na ce ko in ɗauke ƙunshin in ɓoye sai ya huce, amma yarinyar ba ta matsawa daga wurin ko taki ɗaya, kuma da wane ido zan dube ta? Na ce ko in kai wa liman, sai na tambayi kaina me zan ce. Wai wani mutum yana ɗinka zanin matarsa da zare mai ƙarfi? Dariya za a yi mini. Na yi ta kai masa wani zaren, mai ɗan kauri, ninki biyu, wanda na shafe da kaki, in ce ko wannan ka gwada. Yakan karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya naɗe a yatsa ya finciko, ya tsinke, ya miƙo mini. Gwajin da mahaifiyata ke yi don ta karɓi zare, shi yake yi don ya ƙi shi. Kullum in zan fita sai na wuce ta gabansa, ina ganin ƙulle-ƙullen suna ƙaruwa, ba abin da zan iya sai sannu da aiki.

Abin haushi, aikin ya yi kyau. Bai taɓa allina ba, amma idon ragar ya fito daidai wa daida daga wannan gefe zuwa wancan, kore a kan shuɗi. Matan kartiye, wato unguwarmu, suka riƙa zuwa kallo, suna shafawa suna cewa tabarkalla, har wata ta ce ya yi mata irinsa. Na harare ta har sai da ta tambaye ni ko lafiya.

Da ɗari ya shigo yarinyar ta shige cikin bargonta. Ya yi mata nauyin ja a ƙasa, don haka da rana sai ta ninke shi da kanta ta ajiye a kan tabarma ta fita wasa da yaran gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Uban kuma ya fara gaisawa da mutane da murya sama. Duk safiya in na fito sai ya ce, "Hajiya, bai tsinke ba."

"Allah ya sa in ji kunya, Malam," nakan ce. Kuma har zuciyata nake faɗa. Ban taɓa son maganata ta faɗi ƙasa banza ba sai a wannan karon.

Da bazara, ranar da aka shanya bargon a igiya ya sha iska, na je na tsaya ta bayansa, rana na haskowa ta ciki. A gindin kowane ƙulli akwai ɗan baki da ya buɗe, kamar ƙwayar gero, a wuraren ninki kuma ya kai ƙwayar wake. Na kira shi na nuna masa. Ya duba, sannan ya ce in gwada kwance kusurwa ɗaya. Na zauna da sabuwar reza. Ɗinkin mahaifiyata da tuni na ja zare ɗaya layi ya warware, wannan kuwa kowane ƙulli sai an yanka shi shi kaɗai. Robar tana zamewa, rezar ta taɓa zani, in kuma ƙullin ya yanku, zaro shi sai ya ƙara faɗin ramin. Tun azahar nake fama har rana ta yi sanyi, abin da na kwance bai fi tafin hannu ba, shi ma ya koma kamar rariya. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Tashi haka nan, ƙarasa shi kike yi."

Na ɗinka wa bargon riga da wani tsohon zanina mai laushi, na ce a zura shi ciki ko ya rage shan ja. Ranar ce na fara jin kukan yarinyar nan. Ta yi ta fizgar rigar tana cewa ba Ya ba ce, ba Ya ba ce, haka take kiran uwarta. Dole na cire. Abin da ya rage mini sai baki: kada a wanke shi, kada a matse shi, kada a riƙa ninke shi a wuri ɗaya. Wannan karon duk abin da na ce yana yi, sai dai ihu ne bayan hari.

Ruwan Komadugu ba da damina yake zuwa ba. Sai sama ta ɗauke, gari ya yi wasai, mutane sun fara shanya tattasai, sannan yake tasowa a hankali daga yamma. Shekarar nan ya taso ya ƙi tsayawa. Maza suka yi ta jera buhunan yashi, ya bi ta ƙarƙashi ya shigo kartiyenmu da rana tsaka. Masuncin ne ya goyi mahaifiyata ya kai ta lakwal, makarantar boko da ke kan tudu, inda aka tara mu, ya dawo ya ɗauki 'yarsa a wuya. Kafin ya koma karo na uku ruwa ya cika shagon, da yake ya fi tsakar gida gangare. Da aka samu shiga, a ƙarƙashin laka ya tono bargon, ruwan ya haɗe da na masai, wari ba a magana. Ba zancen kada a wanke kuma.

Na ce ni zan yi, kada ya sa hannu. Na ari babban baho na jiƙa shi, ina dannawa da tafin hannu kawai, in tsiyaye ruwa in zuba wani, ban cuɗa ba, ban murɗa ba. Da ruwan ya fara fita fari na ce ya kama kusurwa biyu in kama biyu, mu ɗaga tare a hankali. Muka ɗaga. Nauyin ruwan ya ja ƙasa, zaren ya riƙe gam, sai na ji wani ɗan sauti marar ƙarfi, irin na tsohuwar takarda in ta jiƙe. Zanin ya riƙa zubowa ta cikin idon ragar yana komawa baho, shuɗi, ruwan ɗorawa, lafayar kuwa ta narke ta zama jan dusa a saman ruwa. Muka tsaya riƙe da kusurwoyin, ba wanda ya saki. Abin da ke tsakaninmu taru ne, cikakke, ba ƙulli ɗaya da ya kwance, da 'yan guntayen ƙyalle maƙale nan da can.

Ya kai shi ya rataye a dangar lakwal. Kusa da shi bargunanmu ne a shanye, su ma sun sha laka an wanke su, zare ya tsintsinke a wurare da dama, mahaifiyata tana zaune a inuwa tana bin ɗaya da allura. Wani tsoho cikin waɗanda ruwa ya kora ya zo wucewa, ya tsaya ya kama ragar yana duba ƙullin, ya ce kai, wa ya saƙa wannan, hannu ne na gaske.

"Ni ne," in ji masuncin.

Ɗari ya same mu mun koma gida. Na ba yarinyar bargona, wanda zanin goyona ke jikinsa. Ta yarda a rufa mata shi, amma daga sama. A jikinta ragar take shimfiɗawa tukuna, ta tura fuska cikin guntayen da suka rage. Da safe takan fito da shatin ƙulle-ƙullen a kumatunta, layi-layi, sai hantsi yake bajewa. Duk guntun da ya faɗo sai ta tsince ta sa a gwangwanin madara. Na taɓa shinshinawa, ba humra ba banda, sabuluna kawai da ɗan warin laka. Wata rana tana zaune kusa da ni ina tsintar shinkafa, ta ce mini, "Inna, zanin Ya mai ruwan ɗorawa, ganye ne a jiki ko tsuntsu?" Na ce ganye ne. Ta ce ita ma haka take gani. Na tashi na shige madafa, don ba na so ta ga fuskata.

Da aka ce mutanen Baruwa su koma gida, aka kawo kamiyo, babbar motar kaya, za a kwashe su, ya zo rumfa yi mini sallama. Yarinyar na bayansa, ragar a kafaɗarta. Ya yi godiya, ya ce in roƙi tsohuwa ta yafe masa zaman da ya yi. Har ya juya, sai ya dawo ya dafa teburin.

"Hajiya, in da naka na sa, da yana nan?"

Na ce ai zannuwan da ma sun tsufa, kuma ruwan nan ba abin da ya bari, har katangu ya kayar.

"Bargon tsohuwa ma ya sha ruwan," ya ce. "Na gan shi a danga."

Na duba ko'ina a rumfar nan ban ga inda zan sa idona ba. Na ce, "Da yana nan, Malam."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya nuna farin zaren auduga da ke jere a gabana ya ce, "Ka ba ni ɗaya."

Wallahi ban san lokacin da tambayar ta fito daga bakina ba, sabo ne kawai. "Mi za ka ɗinka?"

Ya karɓi zaren, ya naɗe shi a yatsu biyu, ya ɗan ja kaɗan, ya tsinke. Ya daɗe yana kallon bakin da ya tsinke, sannan ya sa dunƙulen a aljihun rigarsa.

"Babu, Hajiya," ya ce. "Ba abin da ya rage."

Ya kama hannun 'yarsa suka bi ta layin masu tattasai, wajen da kamiyon ke jira.